Masu harkar tafiye-tafiye a zangunanmu da neman shaida a Google

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana da 'yan'uwana masu harkar tafiye-tafiye a zangunan Ghana, wato masu sayar da tikitin jirgi, da masu shirya Umra da ziyara, da masu ƙananan masaukai, da samarin da ke yi wa baƙi jagora zuwa gandun dajin Mole da Larabanga da Cape Coast. Ni ma a cikin wannan sana'a nake cin abinci. Ina kula da wani ƙaramin ofishi a Aboabo, nan Kumasi, wanda kawuna ya kafa tun zamanin da ake rubuta tikiti da hannu, kuma shafin intanet na ofishin a wuyana aka rataya shi, don ni ne aka ga ina iya daɗewa gaban kwamfuta ban yi gyangyaɗi ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani ciniki da ya shigo mana a 'yan shekarun nan. Wasu samari kan zagaya ofisoshinmu, wasu kuma ta WhatsApp suke aiko da tallarsu, suna cewa idan aka biya su za su samo wa shafin mutum ɗaruruwan mahaɗai cikin mako biyu, har ya hau saman sakamakon Google. Ga wanda kalmar ta zama baƙuwa gare shi, mahaɗi shi ne rubutun nan ko hoton da ake latsawa a wani shafi ya kai mutum wani shafin dabam, wanda yaranmu ke kira linki. Ba zan yi wa kowa dariya ba, domin ni ma na taɓa biya. Kuɗin da na bayar a lokacin zai sayi ragon layya mai kyau, kuma da na duba abin da aka sayo mini sai na tarar an watsa sunan ofishinmu a gindin wasu shafuka na caca da na tallar magunguna, cikin harsunan da ko haruffansu ban iya karantawa ba. Ko baƙo ɗaya bai zo mana ta can ba. Da na yi wa kawuna bayani bai yi faɗa ba, tambaya ɗaya kawai ya yi mini: su waɗannan da suka ambace mu, wa ya san su?

Na daɗe ina juya tambayar nan a raina, domin na ga dattijon da bai taɓa buɗe imel ba ya riga ni gane yadda injin binciken ke aiki. Duk wanda ya tashi a zangon Kumasi ya san tsarin maigida a fataucin shanu da na goro. Baƙo kan taso daga arewa da dabbobinsa, bai san mahautan gari ba, su ma ba su san shi ba, sai ya sauka a hannun maigida, wanda zai ba shi wurin kwana, ya haɗa shi da dillali, ya kuma ɗauki lamunin kuɗinsa idan mahauci ya karɓi sa bashi. Dukiya mai yawa ta riƙa sauya hannu babu takarda, saboda maganar mutum guda da kasuwa ta yarda da shi. Da a ce wani mahaucin da ba a aminta da shi ba zai tara 'yan zaman banza hamsin a tasha, ya ba kowannensu kuɗin koko su ce sun san shi, babu wanda zai miƙa masa igiyar ko ɗan maraƙi. A kan irin wannan tunani aka gina Google. Larry Page da Sergey Brin, lokacin suna ɗalibai a Jami'ar Stanford ta Amurka, sun ƙirƙiro wani lissafi da suka kira PageRank, wanda ke ɗaukar kowane mahaɗi a matsayin shaida daga wani shafi zuwa wani, ya kuma auna nauyin shaidar gwargwadon irin shaidar da shi mai bayarwar ya samu daga wasu. Da wannan lissafi suka kafa kamfanin a 1998. Abubuwan da injin ke dubawa sun ƙaru ƙwarai tun daga lokacin, amma har yau mahaɗi ɗaya daga shafin jarida ko jami'a ko hukumar da ake ganin girmanta ya fi tarin waɗanda na saya, nesa ba kusa ba.

Bayan asarar kuɗi, sayen shaida laifi ne a dokokin kamfanin. A 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo yadda ɗimbin mahaɗai na bogi suka ɗaga shafin wani babban kantin Amurka mai suna J.C. Penney, Google kuwa ya dankwafar da shafin na wani lokaci. A watan Afrilun 2012 ya fito da gyaran da aka sani da Penguin, wanda aikinsa gano irin wannan maguɗi ne. Idan kanti mai ɗaruruwan rassa bai tsira ba, ban ga yadda ofishi mai tebur biyu a Alabar zai tsira ba. Akwai kuma wani ɓangare na dokar da ya shafe mu kai tsaye, wanda da yawanmu ba su sani ba: idan ka kai marubuci Mole kyauta, ko ka ba shi ɗaki ya kwana, bisa sharaɗin ya sa maka mahaɗi, to a wurin Google ka biya ke nan, kuma wajibi ne ya lika wa mahaɗin alamar sponsored, wadda aka fito da ita a 2019, ko tsohuwar alamar nofollow ta 2005, waɗanda ke gaya wa injin kada ya lissafa shi cikin shaida. Gayyatar marubuta ba aibi ba ce, tana ma kawo baƙi, sai dai kada mutum ya zaci matsayi ya saya.

To ina mafita ga mai ƙaramin ƙarfi? A ganina tana cikin shafin sakamakon binciken kansa, wanda muke kallo kullum ba mu lura ba, kamar kazar da rashin sani ya sa ta kwana kan dami. Idan ka fara rubuta tambaya a akwatin bincike, Google kan ƙarasa maka ita tun ba ka gama ba, kuma wannan ciko daga abin da jama'a suka saba nema yake fitowa. A tsakiyar sakamakon akwai jerin tambayoyin da wasu ke yi, wanda duk wadda ka latsa sai ta haifo wasu, a can ƙasa kuma akwai bincike masu dangantaka da naka. Tamkar an ajiye maka kujera ce a bakin tashar motar Kejetia ta Kumasi, kana jin duk abin da matafiya ke tambaya tun daga asuba, kuma babu mai karɓar ko kwabo a hannunka.

Bari in ba da misalin da na gani da idona. Na rubuta kalmar Akwasidae, bikin da Asantehene, wato sarkin Asante, ke zama a fadarsa ta Manhyia ranar Lahadi sau ɗaya a kowane kwana 42, sai na ga tambayar da ke ta maimaituwa ita ce yaushe za a yi na gaba. Tun da zagayen kwana 42 ba ya tafiya daidai da watannin kalanda, ranar kan sauya kowace shekara, kuma da yawa daga shafukan da suka fito ranakun shekarun baya ne a cikinsu. Na zauna na lissafa ranakun shekara guda, na tabbatar da su a bakin wani da ya san al'amuran fada, na ƙara bayanin lokacin da ya kamata baƙo ya isa, da irin tufafin da suka dace, da ladabin ɗaukar hoto, da kuma inda baƙo Musulmi zai samu masallaci kusa idan azahar ta same shi a can, abin da ban ga kowa ya rubuta ba. A saman shafin na sa ranar da na gyara shi ta ƙarshe, ban kuma cika shi da talla ba, sunan ofishinmu kawai na sa a ƙasa. Watanni suka wuce shiru, har na manta da shi. Wata rana na buɗe Search Console, wato kayan aikin da Google ke ba mai shafi kyauta domin ya ga yadda ake samunsa da kuma waɗanda suka yi mahaɗi zuwa gare shi, sai na tarar da wasu marubutan tafiye-tafiye da wani sashen jami'a mai kawo ɗalibai Kumasi sun ambaci shafin, alhali ban roƙi ko ɗaya daga cikinsu ba. Dalilin a fili yake. Tun wajen 2014 Google ke ɗauko gajeriyar amsa daga wani shafi ya sa ta cikin akwati a saman sakamako, kuma marubucin da ke sauri amsar da ya fara gani yake ɗauka, in mai mutunci ne ya faɗi inda ya samo ta. Domin amsarka ta dace da wannan akwati, sai ka sa tambayar a kanun rubutu yadda mutane ke yin ta, ka amsa ta cikin jimla biyu ko uku nan take, sannan dogon bayani ya biyo baya. Mu da muka saba da doguwar shimfiɗa kafin a kai ga magana, kamar yadda wasiƙar nan tawa ke nunawa, sai mun danne zuciya a nan.

Irin wannan giɓi ya fi faɗi a abin da ya shafi mutanenmu. Kowane mako akwai masu tasowa daga Kano da Sakkwato da Yamai zuwa Kumasi ko Akra ta mota, wasu ta gaɓar teku su ratsa Seme su shigo ta Aflao, wasu ta Burkina Faso su shigo ta Paga. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ya zauna har kwana 90 babu biza, amma matafiyi yana son ya san fiye da haka: wace takarda ake tambaya, ina ake neman katin rigakafin zazzaɓin shawara, ina ake canjin kuɗi, a wane gari ya fi dacewa a kwana. Tun da Burkina Faso da Mali da Nijar suka fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, tambayoyin sai ƙaruwa suka yi. Direbobinmu na Asawase da Aboabo sun san amsoshin, kuma saninsu sabo ne domin jiya suka biyo hanyar, amma duk a baki yake, a rumfar mai shayi. Ofishin da zai riƙa tattara wannan bayani yana sabunta shi kowane wata zai zama madogara ga 'yan jarida da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na ɗalibai.

Lokaci ma yana da nasa rabon. Google Trends kan nuna yadda neman wata kalma ke hawa da sauka, Google Alerts kuma kan aiko maka saƙo duk lokacin da aka wallafa sabon abu a kan kalmar da ka zaɓa. A 2019, da gwamnati ta ayyana Shekarar Dawowa Gida domin tuna cika shekara 400 da kai bayin Afirka Virginia ta Amurka a 1619, waɗanda suka riga suka tanadi bayani a kan tsofaffin gidajen tsare bayi na Cape Coast da Elmina ne suka ci moriyar rububin. A 2024 kuma dama ta zo har ƙofar gidanmu, lokacin da aka kawo kayan zinariya da na sarautar Asante guda 32 daga gidajen tarihi biyu na Landan a matsayin aro, aka baje su a gidan tarihin Manhyia a watan Mayu, shekara 150 bayan yaƙin 1874 da Turawan Ingila suka washe fadar. Jaridun duniya sun yi ta neman bayanin yadda baƙo zai je ya gani, ni kuwa ban tanadi komai ba, kuma har yau ina cizon yatsa.

Hanyar da ta fi ba ni mamaki ita ce ta hoto. A wata tafiya da na raka baƙi Salaga na ɗauki hoton ɗaya daga tsofaffin rijiyoyin garin da hantsi, na sa a shafinmu. Bayan fiye da shekara wani ƙanena ya nuna mini yadda ake ɗora hoto a Google Lens, wanda aka fito da shi a 2017, ya nemo maka sauran wuraren da hoton ya bayyana. Na tarar da hotona a shafuka tara, babu ko ɗaya da ya ambaci sunanmu. Da farko raina ya ɓaci, har na fara tunanin dokar haƙƙin mallaka ta Ghana ta 2005, wadda ta kare mai hoto kamar yadda ta kare mai littafi. Da na huce sai na ga cewa wanda ya ɗauki hoton ya riga ya nuna yana buƙatarsa, kuma abin da nake nema a wurinsa bai kai wahalar minti biyu ba. Na rubuta wa kowannensu wasiƙa mai ladabi, na gode masa da ya ga hoton ya dace da rubutunsa, na ce ya ci gaba da amfani da shi kyauta, roƙona kawai ya rubuta sunan ofishinmu a ƙasa tare da mahaɗi. Biyar suka yi hakan, uku suka yi shiru, ɗaya ya cire hoton, a cikin biyar ɗin kuma wata mata ta dawo tana tambaya ko ina da hotunan Larabanga. Tun daga nan na daina barin hoto da lambar da waya ta ba shi. Nakan raɗa masa suna mai ma'ana, in rubuta gajeren bayanin abin da ke cikinsa, domin da rubutun ne injin ke ƙara gane hoton. Wasu hotunan kuma nakan ɗora su a Wikimedia Commons, wato rumbun da Wikipedia ke ɗaukar hotuna daga ciki, bisa lasisin da ya wajabta wa mai ɗauka ya ambaci mai hoton. A nan zan ja kunnen masu gaggawa: mahaɗan da ke fita daga Wikipedia duk suna ɗauke da alamar nofollow, kuma editocinta kan goge talla da zarar sun gan ta, don haka amfanin yana zuwa ne daga waɗanda suka ɗauki hoton daga can suka kai nasu shafukan. Kada kuma neman hoto ya sa mu manta da neman izinin mutanen da ke cikinsa, balle a masallaci ko a gidan sarauta.

Akwai wasu 'yan alamomi da ake haɗawa da kalmomin bincike, waɗanda ke mayar da injin ya zama ɗan aike. Idan ka sa sunan ofishinka tsakanin alamomin buɗe zance da rufe shi, zai nemo maka inda aka rubuta sunan daidai yadda yake, kuma a cikinsu za ka sami waɗanda suka yabe ka amma ba su sa mahaɗi ba, roƙonsu kuwa shi ne mafi sauƙi domin sun riga sun yarda da kai. Idan ka rubuta site:edu tare da kalmomin Ghana da Kumasi, zai taƙaita maka sakamako ga shafukan jami'o'i, galibi na Amurka, waɗanda da yawansu ke da shirin turo ɗalibai nan, kuma sukan ajiye shafin shawarwari ga ɗaliban. Haka site:gov.gh zai nuna maka shafukan hukumomi da majalisun gundumomi. A irin waɗannan shafuka ne ake samun matattun mahaɗai. Lokacin annobar korona an rufe iyakokin Ghana a watan Maris na 2020, aka buɗe filin jirgin Akra a Satumba, iyakokin ƙasa kuwa sai a Maris na 2022, kuma ƙananan kamfanoni da dama ba su farfaɗo ba, shafukansu sun mutu amma ana nan ana nuna su. Idan ka latsa ka ga lambar 404, alamar cewa shafin ba ya nan, kana iya duba Wayback Machine, wato rumbun da ke adana tsofaffin shafuka, ka ga abin da tsohon shafin ya ƙunsa, ka rubuta naka da ya fi shi inganci ba tare da ka kwafa ba, sannan ka sanar da mai jerin cewa ga mahaɗinsa ya mutu, ga kuma wanda zai iya maye gurbinsa. Yawancinsu ba za su amsa ba, kuma wanda ba ya jure shiru gara ya bar wannan hanya.

Batun taswira ba zan daɗe a kansa ba, tun da yawancinmu sun san Google Business Profile, wato wurin da ɗan kasuwa ke sa bayanin ofishinsa domin ya fito a taswirar Google. Kyauta ne, yana kawo kiran waya, kuma tun 2021 masu masaukai na iya bayyana a jerin farashin ɗakuna ba tare da biyan kuɗin talla ba. Sai dai mahaɗin da ke can kai ka rubuta wa kanka, don haka ba shi da nauyin shaidar wani. Amfaninsa shi ne marubuci mai haɗa jerin masaukai ko masu jagora a can yake fara leƙawa, kuma idan ya ga lambar waya dabam a taswira, dabam a Facebook, dabam a shafi, sai ya wuce. A daidaita su, a sa adireshin GhanaPost GPS, wato lambar adireshin zamani ta hukumar gidan waya, a kuma nemi lasisin Hukumar Yawon Buɗe Ido ta Ghana, wadda doka mai lamba 817 ta 2011 ta kafa, domin babu hukuma ko jami'ar da za ta so ta tura mutanenta hannun wanda ba shi da rajista.

Wani abokin sana'ata na Nima ya ce mini duk wannan wahalar banza ce, wai Google ya riga ya cinye kasuwar. Akwai gaskiya a maganarsa, kuma ba zan ɓoye ta ba. Tun 2011 kamfanin ke da nasa sashen neman tikitin jirgi, yana kuma nuna farashin otal-otal a cikin sakamako, sannan daga watan Mayun 2024 ya fara sa taƙaitacciyar amsar ƙirƙirarriyar basira a saman shafi, da farko a Amurka kafin a faɗaɗa ta zuwa wasu ƙasashe, ta yadda mai tambaya kan ƙoshi bai latsa komai ba. Wanda ya ce zai yi kokawa da Booking.com ko Tripadvisor a kan neman otal mai araha a Akra, ya ɗauko dutsen da ya fi ƙarfin kansa. Amma ita wannan basira abin da mutane suka rubuta take taƙaitawa, tana kuma nuna shafukan da ta ɗauko daga gare su, don haka inda rubutu ya yi ƙaranci, wanda ya fara yin mai kyau shi za a riƙa nunawa.

Wurin da rubutu ya yi ƙaranci kuwa shi ne tarihinmu. Ayarin fatake ya daɗe yana tasowa daga Kano zuwa Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, neman goro, ƙarƙashin madugu da jagaba, kuma a wancan zamani Salaga ce babbar kasuwar da ake haɗuwa da goron mutanen Asante, waɗanda kakanninmu ke kira Tonawa. Kasuwar bayi ce kuma, abin da bai kamata mu sakaya ba idan muna yi wa baƙi bayani. Yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa garin, 'yan kasuwa da malamai suka watsu, cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya koma Kete Krachi ya yi rubuce-rubuce da Larabci da Hausa har rasuwarsa a 1934. Tsohon garin Kete Krachi ma yanzu yana ƙarƙashin ruwan tafkin Volta. Masu bincike a jami'o'i sun yi rubutu a kan wannan da Turanci, amma bayanin da matafiyi ke buƙata, wato yadda zai tashi daga Kumasi ya bi sawun wannan hanya, wa zai gaisar idan ya isa, me zai gani, a ina zai kwana, da ƙyar ake samunsa, da Hausa kuwa kusan babu. Ga ɗan Kano da ya ji kakansa yana labarin Gwanja, ga ma'aikatan sassan Hausa na gidajen rediyon duniya da jaridun Najeriya da ke neman madogara idan labari ya taso daga Ghana, kuma mu ne muke zaune a kan bayanin. Shawarata ita ce a rubuta shafin da harsuna biyu, kowanne da hannun mutum. Google Translate yana da Hausa tun 2013, amma shafin da aka zuba wa fassarar inji ba a duba ba, mai karatu kan gane shi daga layin farko, kuma babu mai mutuncin da zai tura jama'arsa can. A kuma tuna cewa mai nema a waya kan rubuta Gonja ko Gwanja, Zongo ko Zango, yakan kuma bar haruffa masu ƙugiya, don haka yana da kyau sunayen su fito ta fuskokinsu biyu a cikin rubutun, sau ɗaya ko biyu, ba tare da an cusa su ko'ina ba.

Malam Edita, ina da roƙo gare ku ma, domin ku ne masu gidan wannan zamani, kuma shaidarku tana da nauyi. Na sha ganin jaridunmu na Hausa sun ɗauki hoto ko bayani daga shafin wani ƙaramin ɗan kasuwa, a ƙasa a rubuta cewa an samo daga intanet, kamar intanet ɗin wani mutum ne mai kyamara. Ina roƙon ku sanya wa ma'aikatanku ƙa'ida cewa duk wanda aka amfana da aikinsa a ambaci sunansa, a kuma sa mahaɗi zuwa shafinsa a bugun intanet na jaridar. Idan kuwa wani ya biya kuɗi aka buga masa labari, a bayyana wa mai karatu cewa talla ce, a kuma lika wa mahaɗin alamar da ta dace, domin kada darajar shafinku ta zube a idon injin binciken. Ga abokan sana'a na Kumasi kuma, duk mai son in nuna masa yadda ake buɗe Search Console ko binciken hoto, nakan zauna a ofis ranar Asabar bayan la'asar, ya zo da wayarsa da kalmar sirrin shafinsa, domin na lura rabin masu zuwa wurina wanda ya gina musu shafin ne ke riƙe da ita.

Wassalam.

Naka mai karanta jaridarka a kullum,
daga Aboabo, Kumasi.